Malam Mumin, Mai Raba Takalma a Filin Sana'iyya

Ni na fara gani. Kafin kowa ya buɗe baki a kan Malam Mumin, kafin a fara kauce masa a sahun sallah, ni Auta direban tankar ruwa na riga na san abin da yake yi da takalmanmu, na kuma san dalili. Shekara huɗu ina riƙe da maganar a ciki. Yau zan amayar da ita, domin ƙarshen watan nan bawan Allah zai koma Kumasi da sunan maye a kansa, kuma na lura a duk Hausawan Doha babu wanda ya ce a taru a yi masa ko da addu'ar sallama.

Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, Suraj mai gadi da muke ɗaki ɗaya yana dannawa a waya, kuma na gaya masa idan ya gyara mini magana ban yafe ba. Amma rashin boko bai hana ni ido ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina jan tirela tsakanin Legas da Maiduguri. Sau uku mota ta kife da ni. A na ukun har an lulluɓe ni da tabarma a bakin titin Lakwaja ana cigiyar 'yan'uwana, na yaye na ce a ba ni ruwa. Wanda aka taɓa lulluɓewa ba ya tsoron surutun 'yan ɗaki. Na san idan rubutun nan ya kai hannun mudir ɗinmu, wato manajan kamfani, aikina ya ƙare, sai jirgi. Na auna, na ga sunan mutumin kirki ya fi aikin tanka nauyi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Mumin mutumin Zangon Kumasi ne, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya. Shekara goma sha tara yana gadin wani siton tayil a Sana'iyya, unguwar masana'antun Doha. Kwana shida yana bakin ƙofa yana buɗe wa motoci. Ranar Juma'a da an sallame asuba, kowa ya koma gado ya rama barcin mako, shi kuwa sai ya ɗauki fulas biyu na shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, da jarkar ruwa ya nufi fili.

Filin namu wani sarari ne tsakanin katangar gareji da inda ake jibge matattun bas-bas, waɗanda aka cire wa tayoyi da gilasai suka bar ramukan tagogi suna kallon mutum. Lokacin sanyi wani farin hazo mai laima yakan taso daga teku ya rufe wurin, har mai tsaron wannan raga ba ya ganin na waccan. Ƙasar cike take da ƙusoshi da gutsattsarin ƙarfe, don haka Malam Mumin ya ɗaure maganaɗisu a igiya, yana ja daga wannan katanga zuwa waccan, layi bayan layi, kafin kowa ya iso. Idan ka yi sammako ba za ka gan shi ba. Ƙarar ƙarfen kawai za ka ji yana karce ƙasa, ta yi nisa, ta dawo, ta wuce ta gabanka, ba mutum. Ranar farko da na ji sai da na karanta Ayatul Kursiyyu, ni da na kwana a dazuzzukan da direbobi ke kuka in mota ta lalace musu.

Wasan da muke yi ƙwallon tafiya ne. Ba a gudu, dole ƙafa ɗaya tana ƙasa kullum. Ba a ɗaga ƙwallo ta wuce kai, ba a ture mutum. Wanda aka hura wa usur sau uku saboda gudu, ya koma benci. Malam Mumin ne ya kawo mana shi shekara takwas da suka wuce, don mu da gwiwa ta fara ba mu labari, direbobi da masu gadi da masu walda, mafi ƙanƙantarmu ya haura hamsin. Shi ne kuma rafali. Ya ƙara doka biyu na kansa. Ta farko, ba a ƙirga ci. Ta biyu, ba wanda ke zaɓen abokan wasa. Kowa ya cire kambas ɗinsa na ƙafar dama ya jefa a tsakiyar fili, Malam Mumin ya durƙusa ya raba tarin gida biyu. Inda takalminka ya faɗa, nan kake. Yau kuna tare da mutum, wani mako kuna gaba. Mai ɗingishi da mai tumbi duk ana ba su ƙwallo, su zubar, a yi dariya, a zauna a sha shayi, a yi labarin gida. Wasunmu a duk mako ranar ce kaɗai wani ke kiran sunansu ba don ya aike su ba.

Akwai kuma wani aikin da yake yi wanda ba a son ambata. Idan namu ya rasu a ƙasar nan, shi ake kira ya tsaya wajen wanka. Ya riƙe gawarwakin Hausawa sun fi yawan haƙoran da suka rage mini.

To ga abin da na gani. Ni mutum ne mai kallon taya, tun daga nesa nakan san wadda za ta fashe. Na lura idan Malam Mumin yana raba takalma, ba jefawa yake yi kawai ba. Yakan sa babban yatsa a ciki, ya dubi yadda aka sassauta igiya, ya dubi dugadugi ko an take shi. Wani takalmin sai ya riƙe shi ya ɗan jima. Duk ranar da ya jima da takalmin mutum, mai takalmin ba ya gama wasa. Za ka ji usur, a ce ya yi gudu, alhali kowa ya ga tafiya yake kamar mai rakiyar amarya. Na biyu, na uku, sai benci. Ya yi ta zage-zage. Da an tashi, Malam Mumin ya zuba shayi kofi biyu ya je ya zauna kusa da shi, su yi magana ƙasa-ƙasa.

Na ga haka a kan mutum uku na yi shiru, ina cewa a raina ko tsohon yana da 'yan tsana ne. Sai ranar da abin ya zo kaina.

Usur uku cikin minti goma. Ni da nake tsaye ma a na ƙarshen. Na je har gabansa na ce, “Mumin, idonka ne ya mutu ko kwana ka yi a tsaye? Ni na yi gudu? Ko kura ta biyo ni ba na gudu, balle ƙwallo.”

Ya ce, “Zauna, Auta. Shayi yana zuwa.”

Da aka watse ya zo ya zauna. Bai dube ni ba, bas-bas ɗin nan yake kallo. Ya ce, “Sau nawa duniya take ɗauke maka a kan sitiyari?”

Wata biyu ke nan ina tuƙi sai in ga duhu na ɗan ƙiftawar ido, in farfaɗo mota ta karkata. Ko matata Ayishatu da ke Malumfashi ban gaya wa ba.

Na ce, “Wa ya gaya maka?”

Ya ce, “Wasu takalminsu ke faɗa. Ƙafa tana kumbura, mutum yana sassauta igiya bai sani ba. Na wanke irin ƙafafun nan da yawa, na san inda suke zuwa. Kai takalminka lafiya lau. Tsayuwarka ce. Kana tsayawa inda babu dalilin tsayuwa, kamar wanda aka kira daga baya.”

Na ce, “To me ya hana ka faɗa a fili, sai ka yi mini ƙaryar gudu?”

Ya ce, “Idan na ce Auta ba shi da lafiya a gaban mutum ashirin, kafin azahar kafil ɗinka, ubangidan da ke riƙe da takardar zamanka, ya ji. Idan na ce Auta ya yi gudu, Auta kaɗai zai ji haushi.”

Wanda ke gida ba zai gane wannan ba, amma ku da ke nan kun sani. Tsoho a ƙasar nan ba mutuwa yake tsoro ba, kansil yake tsoro, a soke masa zama a sa shi a jirgi alhali gida guda na ci daga hannunsa. Shi ya sa muke shafa baƙi a gemu, muke ɓoye ƙwayoyi a cikin safa. Malam Mumin ya samo hanyar fitar da mara lafiya daga rana ba tare da ya tona shi ba, ya ɗauki zagin a kansa.

Shi ya raka ni asibiti. Likita ya ce zuciyata tana tsallake bugu, wata rana za ta tsallake ta manta ta dawo. Na karɓi hutun shekara, na ce wa kamfani gida za ni. A asibitin zuciya na yi hutun, aka sa mini wani ɗan batir ƙarƙashin ƙashin wuya. Malam Mumin ne yake kawo mini kunu. Yau shekara huɗu, kamfani bai sani ba, 'yan ɗakinmu ba su sani ba. Suraj ma da ke rubutawa yanzu ya ɗago kai yana kallona. Rubuta, malam, ba kallo na ce ka yi ba.

Kai ne, Mumin, ka ga abin da na ɓoye wa matar da muka yi shekara talatin da biyar tare. Kai ne na zaga a gaban jama'a da safe, ka zauna bakin gadona da yamma ba ka tuna mini ba. Rumfa sha shirgi. Ban taɓa gode maka a gaban mutum biyu ba, saboda tsoro, kuma wannan tsoron nawa yana cikin abin da ya jawo maka abin da ya biyo baya.

Abin ya fara ne da kofi. Bara aka ce za a yi gasar ƙwallon tafiya tsakanin baƙi mazauna Doha, Sudanawa da 'yan Masar da 'yan Kenya da sauransu. Dikko ne ya kawo labarin. Dikko direban gida ne a unguwar Muntaza, mutumin Gombe, ƙaƙƙarfa, a ƙuruciyarsa ya buga wa ƙungiyar garinsu, kuma ko da tafiya yake ba ka iya karɓe ƙwallo a ƙafarsa. Ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da ba ya iya yin abu don a yi kawai, sai an san wa ya fi.

Muna shan shayi ya ce, “Jama'a, shekara bakwai muna wasan 'yan aljanna, ba mai ci ba wanda aka ci. Sudanawa suna ce mana tsofaffi masu shan iska. A ƙasar nan kullum mu ne masu buɗe ƙofa, mu ne masu jira a mota. Ko sau ɗaya a kira Hausawa a miƙa musu abu a gaban mutane.”

Maganar ta shiga mutane, ni ma ta shige ni.

Malam Mumin ya ce, “Mutum nawa ake ɗauka?”

“Takwas.”

“Mu ashirin da uku ne. Sauran su je ina?”

Dikko ya ce, “Su yi mana tafi, Malam. Tafi ma motsa jiki ne.” Aka yi dariya.

Malam Mumin ya ce, “Idan aka fara ƙirga, mai jin jiri ba zai zauna ba. Zai ce saura minti biyar.”

“Wa ke jin jiri? Kai dai ka saba da matattu, rayayyu ma so kake su kwanta.”

Aka sake dariya, amma ba kowa ya yi ba.

Juma'ar da ta biyo, na ga Malam Mumin ya ɗauki kambas ɗin Dikko ya jima da shi. Ya jima fiye da yadda ya taɓa jimawa da na kowa. Usur uku, benci. Wata Juma'ar haka, ta uku ma haka. Duk ranar da ya kai masa shayi, Dikko ya tashi ya bar masa bencin. A ta ukun ina kusa, na ji Malam Mumin yana cewa, “Dikko, mu je tare, ba wanda zai ji.” Dikko ya zubar da shayin a ƙasa ya ce da ƙarfi, “Don na ce a shiga gasa kake fitar da ni. Hassada ce, tsoho.”

A nan Garzali mai walda ya kawo tasa. Ya ce shi ya daɗe yana lissafi. Ayuba kafinta an hura masa usur, wata uku ya koma gida ya rasu. Wane an hura masa, sai ga shi yana shan magani. Wane ma haka. Ya ce, “Ku duba da kyau. Mutum yana wankan gawa, duk mako yana shafa takalmanku, yana jan ƙarfe a inda kuka taka. A garinmu wannan ɗiban sawu ake ce masa. Duk wanda ya hura wa usur sai ya kwanta.”

Gaskiya ne, duk wanda ya hura wa sai ya kwanta. Sun ga hayaƙi sun ce shi ya haifi wuta. A wurin akwai mutum biyar da Malam Mumin ya raka asibiti da ƙafarsa, ni ne na shida. Muka dubi juna, muka dubi kofunan shayinmu. Shi kuma bai kare kansa ba, domin yin hakan na nufin kama sunayenmu. Ya cire usur daga wuya ya ajiye a kan benci, ya ɗauki fulas ɗinsa.

Daga nan aka daina tara takalma. Dikko ya zaɓi takwas, aka samo wani rafali mai takarda, aka fara atisaye da ƙirga da ihu. Masu ɗingishi suka zo mako biyu suka yi kallo, suka daina zuwa. Ni aka sa gola, kuma ba yabon kai ba, babu tsohon da ya kai ni kama ƙwallo daga nan har garin Wakra. Na karɓa. Na sa jesi mai lamba ɗaya ina taƙama, mutumin da ya cece ni yana wucewa ana tofar da yawu.

Ranar gasa Juma'a ce da hantsi, a wani fili mai ciyawar roba da aka kewaye da ragar waya. Hazo bai gama tashi ba, rana ta yi fari kamar faranti. Muka ci 'yan Kenya, muka ci wasu 'yan Indiya. Wasan kusa da na ƙarshe da Sudanawa ne, ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi. Dikko ya sayo sabon kambas, yana sheƙi. Tun wasa na biyu na ga yana buɗe baki kamar kifi, na ce masa ya huta, ya ce, “Baba Auta, kama ragarka, saura minti biyar.”

Daga raga ina ganin fili duka. Na hango Malam Mumin a bayan waya, ya biyo bas ya zo shi kaɗai, ba wanda ya tsaya kusa da shi. Ƙwallo tana can hannun dama, kowa yana can. Sai na ga ya tura ƙofar waya ya shigo. Bai yi sauri ba. Ya taka a hankali ya nufi kusurwar hagu, inda babu ƙwallo, babu ɗan wasa, babu komai sai ciyawa. Rafali yana hura masa usur yana “Yalla, barra!” wato ya fita waje, ko waiwayowa bai yi ba. Ya isa wurin ya tsaya, ya ɗan rage tsawo, ya buɗe hannuwa biyu kamar mai jiran a miƙo masa buhu daga mota.

A lokacin Dikko yana tsakiyar fili, lafiya lau, yana kiran a ba shi.

Ƙwallo ta buge ƙafar wani Basudane ta gangaro hagu. Dikko ya biyo ta, tafiyar nan tasa mai kaɗa kafaɗu. Taku goma, taku goma sha biyar. Ya zo daidai inda Malam Mumin yake, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya faɗa cikin hannuwan nan da aka riga aka buɗe. Kansa bai taɓa ƙasa ba. Ƙwallon ta ci gaba da gangarawa ita kaɗai har ta jingina da waya.

Na ga mutuwa iri-iri a kan titi. Ban taɓa ganin an je an tsaya an jira ta a inda za ta sauka ba.

Motar asibiti ta zo da wuri, sun yi iya ƙoƙarinsu. Kwana ya ƙare. Wajen wanka, duk masu cewa maye ne babu wanda ya iya shiga, sai Malam Mumin, sai ni. A nan na ga ƙafafun Dikko. Sun kumbura kamar turmi, ka danna yatsa rami ya zauna bai tashi ba. Sabon kambas ɗin nan ya ɗara tsohon kambas ɗinsa da lamba biyu. Ashe ya sani, bawan Allah. Ya san abin da aka gani a takalminsa, ya je ya sayo wanda zai rufe. Malam Mumin ya wanke ƙafafun a hankali, tsakanin yatsu, kamar ba mai su ne ya zubar masa da shayi ba.

Da muka fito na ce, “Takalmi na gane. Tsayuwa ma na gane. Amma kusurwar nan fa? Ƙwallo ba ta ma taso ba ka je.”

Ya goge hannuwansa. Sannan ya ce, “Auta, ina bayan waya ina roƙon Allah ya sa a tashi lafiya. Sai na ga kaina a wurin. Ban tuna na buɗe ƙofa ba.”

Ban ƙara tambayarsa ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na san fassarar wannan ba. Abin da na sani, wanda ya zo cutar da kai ba ya tare kanka kada ya bugi ƙasa.

Amma mutane abin da suka gani ke nan, ya je ya tsaya, Dikko ya faɗi. Tun ranar, idan Malam Mumin ya miƙa hannu sai a dafe ƙirji a ƙi karɓa. A masallacin Sana'iyya na ga an bar gurbin mutum guda a damansa da hagunsa, wani ɗan Bangladesh da bai san komai ba ne ya cike. Masu son kofi sun watse, tunda babu Dikko. Masu son shayi da dariya an riga an kore su. Fili ya koma na bas-bas.

Juma'ar da ta wuce na yi sammako na je. Hazo ya rufe ko'ina. Na tsaya bakin katanga, sai na ji ƙarfen nan yana karce ƙasa, ya tafi, ya dawo. Wata tara ba wanda ya buga ƙwallo a wurin, yana nan yana tsince ƙusoshi. Fulas biyu a kan benci, cike.

Na cire kambas ɗina na dama na jefa a tsakiya. Ya fito daga cikin hazon ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, “Guda ɗaya ba ya rabuwa, Auta.”

Na ce, “Zan faɗa musu. Duka, har batir ɗin.”

Ya ce, “Kada ka yi. Ni tafiya zan yi, kai kana da sauran 'ya'ya mata a gida. Sunana ba zai bi ni Kumasi ba.”

Na ce, “Zai bi ka. Waya ta fi jirgi sauri. Kuma ni ba shawararka na zo nema ba, shayi na zo sha.”

Ya zuba mini.

Malam Mumin, kai ne ka sa tsofaffi ashirin da uku suka riƙa ɗokin wayewar Juma'a a ƙasar da ba tasu ba. Kai ne ka durƙusa gaban takalmanmu masu wari shekara bakwai, muna tsammanin wasa kake raba mana, ashe duba mu kake yi ɗaya bayan ɗaya. Aka kira ka azzalumin rafali ka haɗiye, aka kira ka maye ka haɗiye, don kada mutum shida su rasa abincinsu. Na gode. Ayishatu ma za ta gode idan ta gama yi mini faɗa. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ranar da taka ta zo a samu hannu irin naka a kusa.

Ku biyar ɗin nan, ba zan kama sunanku ba, shi ya koya mini haka. Amma kun san kanku, kuma kun san inda siton tayil yake. Ko ba za ku yi magana ba, ku je ku ba shi hannu, hannu sosai, ba dafe ƙirji ba. Ku kuma masu sauran ƙarfi, idan kuna son kofi ku nema, ba haram ba ne. Amma a bar wa masu ɗingishi Juma'arsu, kuma a samu wani ya koyi duban takalmi kafin ƙarshen wata, domin igiyoyi suna nan suna sassautawa ko da mai dubawa ko babu.

Wanda kuma ya ce tsohon direba ya fara ruɗewa, ko Mumin ya shanye ni, Garzali da kai nake, da duk mai ra'ayinka. Juma'a biyu suka rage masa. Ku same ni a fili bayan asuba. Zan buɗe riga ku danna batir ɗin da yatsunku, wanda ya ga dama ya ɗauki hoto ya kai wa mudir, zan ba shi lambar ofis. Bayan nan wanda ya tabbata namiji ne, ya kuma tabbata lafiyarsa ƙalau, ya cire takalminsa na dama ya miƙa wa Malam Mumin hannu da hannu, ya tsaya a gabansa ya ga ko zai jefa shi nan take ko zai jima da shi.